Ƙuduri Daban, Doka Daban: Kalmomin da Muke Cakuɗawa a Labaran Majalisar Jiha

Akwai jimlar da kusan kowane gidan rediyo a Arewa yake maimaitawa idan majalisar dokokin jiha tana zama: "Majalisa ta amince da ƙudurin kaza." Kafin la'asar labarin ya kai kasuwa da tasha, a can kuma sai ka ji ana cewa "ai an yi doka". Wani lokaci hakan ne. Sau da yawa kuwa abin da ya faru bai wuce wani ɗan majalisa ya miƙe ya roƙi gwamnati ta gyara gadar garinsu ba, abokan aikinsa suka ce sun goyi baya, aka wuce batu na gaba. Ban ga laifin mai sauraro ba. Mu masu rubutu da masu karanta labarai ne muka ɗauki kalma ɗaya muka raba mata aiki uku.

Ƙuduri kalma ce tamu ta gida. Mutum yakan ƙudura abu a gefen zane, wato ya ƙulle shi, daga nan aka samu ƙudurar aniya, abin da aka ƙulla a zuci ba a kai ga aikatawa ba. Kada a haɗa ta da ƙudurar Ubangiji, wannan daga Larabci ta zo, ma'anarta iko. To, da aka zo fassara harkokin majalisa sai aka ga ƙuduri ta dace, kuma ta dace ɗin, sai dai an yi mata yawa. Idan ɗan majalisa ya miƙe ya gabatar da buƙata don a tattauna, mu ce ya kawo ƙuduri. Idan aka tattauna aka tsayar da matsaya, mu ce majalisa ta zartar da ƙuduri. Idan kuma aka kawo rubutaccen tsari mai sassa da sakin layi wanda ake so ya zama doka, shi ma ƙuduri. Na farko roƙo ne. Na biyu ra'ayin majalisa ne, wanda a mafi yawan lokuta gwamna yana iya karantawa ya ajiye, ba kotun da za ta tuhume shi. Na ukun ne kaɗai yake kan hanyar zama doka.

Muna da kalmar da za ta raba gardamar, wato daftari. Daga Larabci muka aro ta, inda take nufin littafin rubuta bayanai, a bakinmu kuma ta koma rubutun da ba a kammala ba, wanda ake iya sokewa a ƙara. Wasu 'yan jarida sun riga sun saba cewa "daftarin doka", kuma ni a wurina su ne a kan daidai. Wasu kan ce "ƙudurin doka", wanda ba laifi muddin ba a yar da rabin sunan ba, amma gaggawar kanun labarai takan sa a yar da shi. Da za a bar daftari ga abin da ake so ya zama doka, a bar ƙuduri ga matsayar majalisa, a kira abin da ɗan majalisa ya miƙe da shi buƙata, da an rage rabin ruɗanin.

Wanda yake ganin wannan ƙaƙale ne na masu son kalmomi, ya tuna abin da ya faru a Kano a 2019. A watan Mayu na shekarar, wata takardar koke daga wani ofishin lauyoyi ta isa majalisar dokokin jihar tana neman a ƙara masarautu. Cikin kwanaki kaɗan majalisa ta gama aikinta, ranar 8 ga Mayu Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu, aka samu masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye ban da ta Kano. A watan Nuwamba Babbar Kotun Jihar ta rushe dokar. Ba ta ce ƙarin masarautu abu ne mai kyau ko marar kyau ba. Abin da ta duba shi ne hanyar da aka bi, ta ce majalisa ba ta kiyaye ƙa'idar yin doka ba. Koke yana da ƙofar da yake shiga, daftarin doka yana da tasa. Dole ɓangaren gwamna ya sake aikawa da sabon daftari, majalisa ta sake bin matakai, aka sake sa hannu a farkon Disamba. Sarakunan da aka riga aka ba sanda sun kwana cikin rashin tabbas saboda sunan takardar da aka fara da ita da kuma hanyar da ta bi.

Matakan nan su ne muke kira karatu. Karatu na ɗaya, na biyu, na uku, kuma duk wanda ya taɓa zama a benen 'yan kallo zai yi mamakin ƙarancin karatun da ake yi. A karatu na ɗaya akawun majalisa ne yake miƙewa ya karanta sunan daftarin kawai, layi ɗaya ko biyu, ya zauna. Ba muhawara, ba ƙuri'a mai zafi. Sunan ya samo asali ne daga majalisar Ingila, tun zamanin da ba a buga takardu a raba wa kowa, sai akawu ya karanta daftarin da babbar murya don wakilai su ji abin da ke ciki. Injin ɗab'i ya zo ya ɗauke aikin, sunan ya zauna. A karatu na biyu ne ake fafatawa a kan manufar daftarin, a ce ana so ko ba a so. Idan ya tsallake, sai a miƙa shi ga kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a idan an ga dama, ya dawo da rahoto, majalisa ta bi shi sashe-sashe. Karatu na uku rufewa ce: shugaban zaman ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya auna wace murya ta fi ƙarfi, ya buga guduma. Saboda haka "ya tsallake karatu na biyu" ba ya nufin saura ƙiris. Daftarori da yawa a hannun kwamiti suke tsufa har wa'adin majalisar ya ƙare.

(Akawu ma, tun da ya shigo zancen, ba daga Turanci ya zo mana ba kamar yadda wasu ke zato. Daga Yarabanci ne, inda kalmar take nufin marubuci, ta biyo ma'aikatan kudu da suka cika ofisoshin Turawa a Arewa.)

Ko bayan gudumar karatu na uku ba a yi doka ba tukuna. Sashe na 100 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai an kai wa gwamna, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana cewa ba zai sa ba. Nan Hausa ta yi abin a yaba, domin "rattaba hannu" da "hawa kujerar na-ƙi" duk sun fi takwarorinsu na Turanci rai. Idan gwamna ya hau kujerar na-ƙi, majalisa tana iya sake zartar da daftarin da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba tare da hannunsa ba. A takarda ke nan. A zahiri abu ne da ba kasafai ake ganinsa ba a jihohinmu, inda galibi gwamna da mafi yawan 'yan majalisa jam'iyyarsu ɗaya, kuma an san wanda yake riƙe da lalitar.

Wani ruɗanin kuma daga kalmar majalisa yake tasowa. Asalinta Larabci ne, wurin zama, shi ya sa muke da majalisar sarki, majalisar dattawan unguwa da ke gindin bishiya, har da ta Ɗinkin Duniya. A jiha akwai majalisar dokoki, akwai majalisar zartarwa ta gwamna da kwamishinoninsa. Idan kwamishinan yaɗa labarai ya fito bayan taron mako ya ce "majalisa ta amince da daftarin doka", majalisar zartarwa yake nufi, kuma abin da aka amince da shi shi ne a aika da daftarin majalisar dokoki. Ko karatu na ɗaya ba a yi ba. Mai karanta labarai da ya haɗiye kalmar "zartarwa" don ya rage daƙiƙa biyu ya sa dubban mutane sun ɗauka an gama abin da ba a fara ba.

Sai kuma ranar fara aiki, wadda take da nata lissafin. Dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai misali ce da makiyaya ba za su manta ba: Gwamna Samuel Ortom ya sa mata hannu a watan Mayun 2017, amma ba ta fara aiki ba sai 1 ga Nuwamba na shekarar. A Zamfara, taron da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 shi mutane suke tunawa da "ƙaddamar da shari'a", alhali kotuna ba su fara hukunci da sabon tsarin ba sai 27 ga Janairu 2000. Ƙaddamarwa biki ce, ba mataki ba ce a tsarin yin doka. Kalmar shari'a ita kanta tana da fuska uku a bakinmu: shari'ar Musulunci, shari'ar da ake yi tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara, da ɓangaren shari'a na gwamnati mai kwamishina da alƙalai. Abin da majalisun jihohi 12 suka zartar a wancan lokaci, a idon tsarin mulki, dokokin jiha ne kamar sauran, da lambarsu da shekararsu, sun bi karatu uku sun jira hannun gwamna.

Mu zo ga uwar tafiyar, doka. A rubutun boko ba ta da bambanci da dokar da mata suke yi a ka ko itacen doka na dajin Arewa, amma ba a taɓa jin wanda ya ruɗe ba. Tsohuwar ma'anarta umarni ne daga mai iko, musamman na hani: sarki ya kafa doka, sankira ya zagaya gari ya yi shela. Daga nan aka samu 'yan doka, 'yan sandan En'e masu tsare umarnin hukuma, waɗanda aka narkar cikin 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960. Har yau ɗanɗanon hani bai bar kalmar ba. Ka ce wa mutum an yi sabuwar doka, tambayarsa ta farko ita ce "me aka hana?" Shi ya sa mutane da yawa ba su ɗauki kasafin kuɗi a matsayin doka ba, alhali shi ne dokar da babu shekarar da majalisa ba ta yin ta, kuma kashe kuɗin jiha ba bisa tanadinsa ba saɓa doka ne. Haka dokar da ta kafa jami'a ko hukumar ruwan sha: ba ta hana kowa komai ba, amma doka ce cikakkiya.

A nan Turancin hukuma ya fi mu yawan sunaye. Sashe na 318 na tsarin mulki ya ware Act ga abin da Majalisar Tarayya ta yi, ya ware Law ga na majalisar jiha. Zamanin soja akwai Decree na gwamnatin tarayya da Edict na gwamnan jiha, zamanin Turawa kuma Ordinance. Mu duk doka muke cewa, sai mu ƙara bayani: dokar tarayya, dokar jiha, dokar soja. Ban ɗauki wannan a matsayin talauci ba. Bahaushe ya duba ya ga duk abu ɗaya suke yi masa, kuma tarihi ya goyi bayansa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, soja ne suka yi ta. Da farar hula suka karɓi mulki sai aka canza mata suna a Turanci, abin da ke cikinta yana nan. Kundin 1999 ɗin kansa da dokar soja mai lamba 24 aka kawo shi. Inda ƙarin bayanin ya zama tilas shi ne tsakanin ta tarayya da ta jiha, domin sashe na 4 ya ce idan suka ci karo, ta tarayya ce a sama, ta jiha ta faɗi gwargwadon saɓanin.

Jiha ma ta yi tafiya. Larabci ce, ma'anarta sashe ko fuska. Kafin 1967 idan aka ce Jihar Arewa ana nufin duk yankin da Sardauna ya yi wa firimiya, mai majalisar wakilai da majalisar sarakuna a Kaduna. Da Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar gida 12 ranar 27 ga Mayu 1967, kalmar ta sauko kan sababbin yankunan, har suka kai 36 a 1996. A Nijar kuwa ana cewa jihar Maraɗi, jihar Damagaram, jihar Tawa, amma waɗannan ba su da majalisar da take yin doka irin ta Katsina ko Sakkwato. Doka daga Yamai take fitowa. Mai sauraro a Maraɗi da ya ji "dokar jiha" a rediyon Nijeriya yana jin kalmomin da ya sani ne a kan tsarin da babu shi a ƙasarsa.

Dokar da aka riga aka yi, idan aka koma mata, nan ma muna da kalmomi fiye da yadda muke tantancewa. Gyaran fuska da kwaskwarima taɓawa ce sama-sama. Garambawul, wadda muka ɗauko daga bakin makanikai, a kwance inji ne gaba ɗaya a sake ɗaurawa. Sokewa kuma kashewa ce. A watan Mayun 2024, da majalisar Kano ta koma kan dokar masarautu, an fara da maganar gyara, amma abin da ta zartar ranar 23 ga wata, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a ranar, dokar sokewa ce: ta shafe ta 2019 ɗungurungum, masarautu biyar suka koma ɗaya. A watan Yuli wata sabuwar doka ta dawo da Rano, Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu. Doka uku ke nan daban-daban cikin shekara biyar, ban da wadda kotu ta rushe, kuma a bakin jama'a kowacce "dokar masarautu" ce. Duk mai son ya fahimci shari'ar da ta biyo baya a kotuna, sai ya riƙa tambaya: ta wace shekara?

Inda na fi ganin nauyin suna shi ne dokar yara. Majalisar Tarayya ta yi ta a 2003, amma da yake batun yara ba ya cikin abubuwan da tarayya take yi wa jihohi doka a kansu, sai kowace jiha ta yi tata. Jihohin Arewa da yawa sun daɗe ba su yi ba. Sashen da ya sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure shi ya fi jawo ja-in-ja, wannan sananne ne. Amma ina ganin fassarar da muka yi wa sunan ta ƙara wa wutar itace. Mun ce "dokar 'yancin yara". 'Yanci a Hausa kishiyar bauta ce, halin ɗa wanda ba a mallake shi ba, shi ne kuma abin da ƙasa take samu idan mai mulkinta ya tafi. To uban da ya ji za a ba ɗansa 'yanci, daga hannun wa zai ɗauka za a 'yanta shi? Da haƙƙi aka ce tun farko, da zancen ya sauka a wurin da aka san shi, domin kowane almajiri ya san ɗa yana da haƙƙi a kan mahaifinsa: suna mai kyau, ci da sha, tarbiyya, ilimi. Yawancin jihohin da suka zo daga baya sun kauce wa kalmar 'yanci gaba ɗaya. Kaduna a 2018 ta kira tata dokar walwala da kare yara, Kano a 2023 ta ce dokar kare yara. An kuma taɓa abin da ke ciki, ba sunan kaɗai ba, amma ba banza aka zaɓi "kariya" ba. Dubi dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta yi a 2024: sunanta ya faɗi aikinta, ba wanda ya tsaya tambayar me ake nufi.

Lokacin majalisa ma suna uku gare shi. Zama na yini ɗaya ne, kuma tsarin mulki ya ce kada ya gaza kwana 181 a shekara, ba ya kuma halatta sai kashi ɗaya cikin uku na wakilai sun hallara. Zango, kalmar fatake da 'yan makaranta suka gada, shi ya fi dacewa da shekarar aiki ta majalisa. Wa'adi shi ne shekara huɗun da aka zaɓe su su yi. Idan aka ce majalisa ta goma, kamar wadda aka rantsar a Kano a 2023, wa'adi ake ƙirgawa. Amfanin sanin wannan shi ne daftarin da bai kammala ba har wa'adi ya cika, sai an sake gabatar da shi a sabuwar majalisa. Shi ya sa makonnin ƙarshe na wa'adi suke cika da dokokin gaggawa, gwamna mai barin gado yana ta rattaba hannu.

Sunayen muƙamai kuwa abin murmushi ne. Mun kira shugaban majalisa kakaki, sunan dogon ƙahon ƙarfen da ake busa wa sarki, alhali shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin magana a muhawara, aikinsa ba da dama da tsawatarwa. Ga shi kuma muna kiran mai magana da yawun 'yan sanda kakaki, har baƙo ya ɗauka aikinsu ɗaya. Bulaliyar majalisa ba ya dukan kowa, tattaro 'yan jam'iyya yake yi ranar ƙuri'a. Sandar majalisa dai ta zauna daram, domin mun riga mun san sandar girma, mun san abin da ake nufi idan aka ce an karɓe ta. Da wasu suka kutsa Majalisar Dattawa a watan Afrilun 2018 suka fice da ita, ba Bahaushen da ya nemi a yi masa bayanin girman abin.

Sashe na 97 na tsarin mulki ya ce majalisar jiha da Turanci take aiki, amma tana iya ƙarawa da wani harshe da ake yi a jihar idan ta zartar da ƙuduri a kan haka. Ƙuduri kawai, ba sai an yi doka ba, ba sai gwamna ya sa hannu ba. A zauren Lugard na Kaduna, tun kafin samun mulkin kai, wakilan Arewa da Hausa da Turanci suke muhawara. Majalisar jiha ba ta wuce mutum 40, ba ta gaza 24. Mutanen da dokokinta suke hawa kansu miliyoyi ne, mafi yawansu kuma a rediyo suke jin labarin. Kirana ga majalisun jihohinmu shi ne duk dokar da aka sa wa hannu a fitar da ita da Hausa, da sunanta da shekararta da ranar fara aikinta. Abokan aikina na ɗakunan labarai kuma, kafin ku ce an yi doka, ku faɗa mana daftari ne ko ƙuduri, karatu na nawa yake, kuma gwamna ya sa hannu ko bai sa ba.